Ciwon Idon Sawu: Tambayoyi da Amsoshi kan Targaɗe, Karaya, Kumburi da Hanyar Warkewa

Waɗannan su ne tambayoyin da masu fama da ciwon idon sawu suka fi maimaitawa. Adadin magungunan da aka ambata na manya ne masu ƙoshin lafiya. Yaro, mai juna biyu da mai wata cuta da yake shan magani a kanta, sai da shawarar likita.

Me ke cikin idon sawu da har yake saurin jin rauni haka?

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi gaɓar. Biyu sun sauko daga ƙwabri: babban da ke ɗauke da nauyin jiki, wato tibiya, da siririn da ke gefen waje, fibula. Ƙarshensu ne tudun nan biyu da kake shafawa a ciki da wajen idon sawu. Na ukun, talus, yana zaune a tsakaninsu, bisa ƙashin dunduniya. Ɗaga ƙafa sama da sauke ta ƙasa a wannan gaɓar ake yi. Karkata tafin ƙafa ciki ko waje kuwa akasari aikin wata gaɓa ce da ke ƙasa, tsakanin talus da ƙashin dunduniya.

Igiyoyin gaɓa ne ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Ta gefen ciki faffaɗa ce mai kauri, ba ta cika yagewa ba. Na waje guda uku ne sirara, kuma ta gaba ta fi sauran rauni. Ga shi tudun waje ya fi na ciki sauka ƙasa, yana tare ƙafa kada ta karkata waje, amma in ta nufi ciki babu abin da zai tare ta sai waɗannan siraran igiyoyi. Shi ya sa mafi yawan targaɗe a gefen waje yake. Ban da su akwai jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi: agara a baya, guda biyu da suka bi ta bayan tudun waje, da wata a bayan tudun ciki wadda ke riƙe da kwarin tafin ƙafa.

Wurin da nake jin ciwon yana nuna abin da ya jawo shi?

Sau da yawa yana nunawa. Ciwo a gaba da ƙasan tudun waje bayan ƙafa ta gurɗe, targaɗe ne har sai an gano wani abu daban. Ciwo a bayan tudun waje, musamman in ana jin wani abu yana tsalle yana komawa, jijiyoyin nan biyu ne. Ciwo a bayan tudun ciki wanda ke ƙaruwa da tafiya, tafin ƙafa kuma yana ta shimfiɗewa, jijiyar da ke riƙe kwarin tafin ƙafa ce take gazawa. In zafi ne irin na ƙuna da minjirya suke bi daga tudun ciki zuwa tafin ƙafa, jijiyar ji ce ta matse a wurin. Ciwon baya na agara ne, ciwon da ake ji can cikin gaɓa kuma guringuntsi ake zargi. Wanda ya taso haka kawai da ja da zafi, a duba amsar da ta yi bayanin kumburin dare.

An ce targaɗe mataki-mataki ne. Kwana nawa kowanne ke ɗauka?

Mataki uku ake raba shi. A na farko igiyar ta miƙe ne fiye da ƙima, kumburin kaɗan ne, ana iya tafiya da ɗingishi, kuma yakan lafa cikin mako 1 zuwa 3. A na biyu ta yage amma ba ta tsinke ba, jini ya kwanta, taka ƙafa da wuya, sai a yi lissafin mako 3 zuwa 6. A na uku ta tsinke gaba ɗaya, gaɓar na rawa, kuma komawa wasa ko aikin ƙarfi na iya kai wata 3 ko fiye.

Akwai wani iri da ake yawan kuskurewa, targaɗen sama. Wannan igiyoyin da suka haɗa tibiya da fibula yake taɓawa, galibi in ƙafa ta kafe a ƙasa jiki kuma ya juya. Ciwonsa yana sama da gaɓar ta gaba, kumburinsa bai cika yawa ba, amma ya fi targaɗen waje jinkirin warkewa nesa ba kusa ba. In ƙasusuwan biyu sun buɗe, sai an yi aiki.

Ta yaya zan bambance targaɗe da karaya?

Girman kumburi ba ya rabawa, ƙarar da aka ji lokacin raunin ba ta rabawa, iya motsa yatsu ma ba hujja ba ce, domin mai karaya yana motsa su sarai. Abin da likitoci suka dogara da shi wasu ƙa'idoji ne da aka fitar a birnin Ottawa na ƙasar Kanada a 1992, don a san wanda ke buƙatar hoton ƙashi da wanda ba ya buƙata.

Ga yadda ake yi. A danna bayan tudun waje da yatsa, daga tsininsa zuwa sama kimanin santimita 6. A kan ƙashin ake dannawa, ba a kan naman da ke gabansa ba, domin nan kowane mai targaɗe zai ji zafi. A yi haka a tudun ciki. Sai a danna wurare biyu a ƙafar kanta: ɗan tudun da ke tsakiyar gefen waje, inda dogon ƙashin ƙaramin yatsa ya faro, da ɗan tudun da ke gefen ciki a saman kwarin tafin ƙafa. Na ƙarshe, shin mutum ya iya yin taku huɗu, nan take bayan raunin ko lokacin da ake duba shi? Ɗingishi ma taku ne. In ɗaya daga wuraren nan huɗu ya yi zafi a kan ƙashi, ko an kasa taku huɗu tun daga farko har zuwa lokacin dubawa, a ɗauki hoto. In babu ko ɗaya, da wuya ƙwarai a ce karaya ce.

Gwajin ba abin dogara ba ne ga wanda ya bugu, da wanda ƙafarsa ba ta ji sosai, da ƙananan yara. A kuma riƙa shafa fibula har zuwa ƙasan gwiwa, don akwai murɗewar da ke karya ta can sama alhali kukan da ake yi na idon sawu ne.

Waɗanne alamu ne ke cewa a tafi asibiti yanzu, kada a kwana?

Ƙafar da ta karkace ta fita daga siffarta, ko ƙashin da ya huda fata, ko rauni mai zurfi a kan gaɓar. Yatsun da suka yi sanyi, suka yi fari ko shuɗi, ko suka daina ji. Gaɓa mai zafi da ja tare da zazzaɓi. Jin ƙara a bayan ƙafa sannan aka kasa yin ɗage. Kumburin sharaɓa ɗaya, balle in ga ciwon ƙirji ko haki. Ƙafar mai ciwon sukari da ta kumbura ta yi ɗumi, ko da ba ta ciwo. In ƙafar ta karkace kada a yi ƙoƙarin miƙar da ita. A tallafe ta yadda take da matashi ko kwali, a rufe rauni da tsumma mai tsabta, kuma kada a ci ko a sha komai, don wataƙila a shiga da mutum ɗakin tiyata.

Me ya kamata in yi a kwana ukun farko?

Ka daina abin da kake yi nan take, ka cire takalmi kafin kumburi ya hana. Ka ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tsayi, wato a kwance da matasai biyu ko uku a ƙarƙashin sharaɓa. Zama a kujera da ɗora ƙafa bisa ɗan benci bai kai ba. Ka naɗa bandeji, ka sa ƙanƙara in tana rage maka zugi, ka sha maganin ciwo in da buƙata. Kana kwance ka riƙa motsa yatsu kana ɗaga ƙafar sama da ƙasa a hankali, kamar sau 20 kowace awa, domin matsawar tsokar sharaɓa ce ke kora ruwan kumburi sama.

Kada ka firgita in bayan kwana biyu ko uku ka ga jini ya kwanta a gefen dunduniya har zuwa yatsu, wurin da bai ji rauni ba. Gangarowa ya yi.

Ƙanƙara zan sa ko gashi da ruwan zafi? A ja ƙafar ko a murza ta?

A awa 72 na farko ba gashi, ba tausa, ba ja, ba giya, ba gudu. Zafi da giya suna buɗe jijiyoyin jini su ƙara kumburi. Murzawa tana tayar da zubar jinin da ya fara tsayawa. Ja kuwa ba shi da abin da zai mayar, don a targaɗe babu ƙashin da ya fita daga gurbinsa, igiya ce ta yage, kuma ja yagewar yake ƙarawa. In kuma karaya ce da ba ta goce ba, ja na iya gotar da ita, abin da filasta, wato ɗaurin siminti na asibiti, za ta gyara ya koma na tiyata.

Ƙanƙara a naɗe ta a tawul mai ɗan laima, a sa minti 15 zuwa 20, a bar tazarar awa 2 zuwa 3. Ba a ɗora ta kai tsaye a fata. Amfaninta rage ciwo ne, ba ta sa igiya saurin haɗuwa. Likitan nan ɗan Amurka, Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. Saboda haka wanda bai samu ƙanƙara ba bai yi asarar komai ba. Bayan kwana uku, in kumburi ya fara saɓewa, ruwan ɗumi kafin motsa jiki yana sassauta gaɓar.

Yaya ake naɗa bandeji daidai?

A samu mai roba mai faɗin santimita 7.5 ko 10. A riƙe ƙafa a miƙe kamar ta mai tsayuwa, kada a bar ta a langaɓe. A fara daga gindin yatsu a zagaya sau biyu, a haura ta saman ƙafa a zagaya bayan idon sawu, a dawo ta ƙarƙashin tafin ƙafa, a yi ta maimaitawa a siffar lamba 8, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, har a wuce tudun ƙashi da kamar faɗin tafin hannu. Ƙasa ya fi sama ɗan matsewa. In aka fara daga sama, ko aka matse sama, ruwa ya taru a yatsu. In yatsa ɗaya ba ya shiga ƙarƙashinsa, ko yatsun ƙafa sun canza launi, ko minjirya ta kama su, a kwance a sake. A cire shi lokacin barci.

Wane maganin ciwo zan sha, kuma nawa?

A fara da farasitamol, miligiram 500 zuwa 1,000 kowace awa 4 zuwa 6, kada a wuce miligiram 4,000 a awa 24. Mai ciwon hanta, mai yawan shan giya da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, nasu ya gaza haka. A duba magungunan mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, ta nan ake zarce ƙima ba a sani ba.

In bai isa ba, ibufurofen miligiram 200 zuwa 400 kowace awa 6 zuwa 8 bayan an ci abinci, kada a wuce 1,200 a rana ba da izinin likita ba, kuma na 'yan kwanaki kawai. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu su kauce masa, haka mai asma da irin waɗannan magunguna ke tayar masa da ita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa ibufurofen da diklofenak ko wani ɗan'uwansu. Dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illar ciki da ƙoda yake ninkawa. Diklofenak na shafawa ya fi sauƙin illa, kuma yana aiki sosai a idon sawu tunda raunin kusa da fata yake. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

In ci gaba da taka ƙafar ko in kwanta har ta warke?

In an tabbatar ba karaya ba ce, taka ta da wuri ya fi. Igiyar da ke warkewa tana buƙatar ɗan nauyi don zarenta ya jeru daidai. In aka bar ta makonni ba motsi, gaɓa ta sage, sharaɓa ta rame. A kwana na farko da na biyu a yi amfani da sandar dogarawa in ya zama dole, amma a riƙa sa ƙafar a ƙasa, dunduniya ta fara sauka sannan yatsu. In sanda ɗaya ce, a hannun da ke gefen lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta. Ma'aunin shi ne: ɗan ciwo da ke lafawa bayan an huta ba laifi, amma in washegari kumburi ya ƙaru, an zarce, a rage. Targaɗe mai tsanani ne kaɗai ke amfana da a kulle shi a filasta ko takalmin asibiti mai tauri, shi ma kamar kwana 10, sannan a shiga motsi.

Wane motsa jiki zan yi, kuma yaushe zan fara?

Daga kwana na biyu ko na uku, a fara da dawo da motsi. Kana zaune ka rubuta haruffa a iska da babban yatsa, ƙafar ce ke motsi ba gwiwa ba, sau biyu ko uku a rana. Ka miƙe ƙafa ka rataya tawul a gindin yatsu ka jawo har ka ji sharaɓa ta miƙe, ka riƙe daƙiƙa 30, sau uku. In ka iya tsayuwa, ka fuskanci bango, ka tura gwiwa ta taɓa shi ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Kana iya auna nisan babban yatsa daga bango ka gwada da ɗaya ƙafar. Wannan motsin ne aka fi rasawa bayan targaɗe, kuma rashinsa ke hana mutum tsugunawa da sauka daga matakala daidai.

Daga mako na biyu, sai ƙarfi. Da robar motsa jiki a tura ƙafa waje, ciki, sama da ƙasa, kowanne sau 10 zuwa 15, zagaye uku. A fi ba turawa waje muhimmanci, don waɗannan tsokoki ne ke fizgo ƙafa in ta fara gurɗewa. Sai ɗage: a tsaye a ɗaga dunduniya a sauke a hankali, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya.

Na uku shi ne wanda mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ke hana a sake gurɗewa. A cikin igiyoyin gaɓa akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take tsaye ba sai an duba ba. Targaɗe yana dagula wannan saƙon, kuma ba ya dawowa don kawai ciwo ya tafi. A tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kusa da abin dafawa. In ya yi sauƙi a rufe ido, sannan a hau matashi, sannan a riƙa jefa ƙwallo bango ana cafewa. Minti biyar zuwa goma a rana, aƙalla mako 6. Daga nan a shiga tsalle a wuri ɗaya, tsalle gefe da gefe, da gudu mai kwana.

Yaushe zan koma gudu, ƙwallo ko tuƙi?

Ba da kwanan wata ake aunawa ba, da abin da ƙafar ta iya ne. Kafin gudu: tafiya da sauri ta minti 30 ba ɗingishi, ɗage da ƙafa ɗaya kamar sau 20, tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe kusan daidai da lafiyayyar, da tsalle sau 10 ba ciwo. A fara gudu a miƙe a shimfiɗaɗɗen wuri, sai kwana da tsayawa farat ɗaya, sai atisaye, wasa ya zo ƙarshe. Tuƙi kuwa, sai ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da jin tsoron ƙafar ba. Ba a tuƙi da filasta ko takalmin asibiti a ƙafar da ke taka feda.

Wata uku ke nan ciwon bai tafi ba, ko ƙafar sai gurɗewa take yi. Me ya faru?

Dalilin da ya fi yawa shi ne an tsaya da jinya ranar da ciwo ya ragu, ba a yi aikin ƙarfi da na daidaita tsayuwa ba. Maganinsa a koma ga amsar motsa jiki da ke sama a yi shi da gaske na wata 3, zai fi kyau a hannun likitan fisiyo, wato masanin jinya ta hanyar motsa jiki. In an yi haka kuma gaɓar na ci gaba da kufcewa, wataƙila igiyar ta warke ne a sake. Akwai tiyatar da ake tsuke ta a sake ɗinke ta a jikin fibula, kuma sakamakonta yana da kyau ga mafi yawan mutane.

In kuma ciwo ne can ciki, gaɓa na kumbura bayan tafiya, tana maƙalewa ko tana ƙara, sai a nemi abin da aka kuskure: ɓallewar guringuntsi a kan talus, yagewar jijiyoyin bayan tudun waje, targaɗen sama, ko ƙaramar karaya. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna igiya da jijiya, sai hoton MRI ko na sauti (sikanin), waɗanda ke nuna naman jiki. Tsagewar ƙashi ta yawan gudu ma sau da yawa ba ta fitowa a hoto a makonni biyu ko uku na farko. Abin da ya sa ba a so a yi sakaci shi ne, amosanin idon sawu ba kamar na gwiwa ba ne da ke zuwa da shekaru, akasarinsa tsohon rauni ne ke haifar da shi.

Bayan ƙafata ne ke ciwo, wajen agara. Me zan yi?

In ciwon a hankali ya zo, agara na sagewa da safe, tana saki bayan an ɗan taka, ta dawo da ciwo bayan gudu, gajiyar jijiya ce, yawanci don an ƙara nisa ko hawan tudu farat ɗaya. Hutu kaɗai ba ya gyara ta, nauyi na ƙa'ida take so. Tsarin da likitan ƙasar Suwidin, Hakan Alfredson, ya wallafa a 1998 shi ne: a tsaya a bakin matakala da gaban ƙafa, a yi ɗage da taimakon lafiyayyar ƙafa, a sauko a hankali da mai ciwon ita kaɗai har dunduniya ta wuce matakalar. Sau 15 zagaye uku gwiwa a miƙe, sau 15 zagaye uku gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, mako 12. In ciwon a daidai inda agara ta kama ƙashin dunduniya yake, a yi a ƙasa kawai, kada dunduniya ta sauka ƙasa da matakala, don hakan matse wurin yake yi. Ba a yi wa agara allurar sitiroyid, wato maganin kumburi mai ƙarfi, a jikinta, tana iya tsinkewa.

Tsinkewa daban take. Mutum yakan ji kamar an maka masa sanda a bayan ƙafa, ya waiga bai ga kowa ba. Abin ruɗin shi ne yana iya tafiya, har ciwon ya lafa, sai a ɗauka targaɗe ne. Gwajinta: a kwanta rubda ciki ƙafa ta zarce bakin gado, a matse sharaɓa. In agara lafiya take, ƙafar za ta motsa ƙasa. In ba ta motsa ba, a je asibiti a ranar, domin jinya ba tare da tiyata ba ta fi yin kyau in an kafe ƙafar yatsu na kallon ƙasa tun a kwanakin farko. Mai shan sifurofuloksasin ko lebofuloksasin da ya ji agara ta fara ciwo ya tsaya da maganin ya tuntuɓi likita a ranar. Waɗannan magunguna suna raunana jijiya, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan sitiroyid.

Ban bugu ba, ban gurɗe ba, amma na tashi cikin dare idon sawu ya kumbura yana zugi. Mene ne?

Abu biyu ake fara tunani. Na farko gawut, wato sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini ya daskare a gaɓa. Ya fi kama gindin babban yatsa, amma idon sawu na cikin wuraren da yake so. Yakan kai maƙura cikin kwana ɗaya, ko mayafi ba a son ya taɓa, sannan ya lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Giya, jan nama da kayan ciki, abin sha mai yawan sukari, ƙiba, ciwon ƙoda da magungunan sa fitsari suna tayar da shi. Gwajin jini na iya fitowa kamar ba matsala a tsakiyar tashinsa, don haka a sake bayan ya lafa. Ana kwantar da shi da kolcisin ko dangin ibufurofen ko sitiroyid. Alofurinol shi ne na hana dawowa, kullum ake shan sa, kuma wanda ya riga ya fara ba ya dainawa don ciwo ya tashi.

Na biyu ƙwayoyin cuta a cikin gaɓa, kuma a ido kusan ba a raba su da gawut. Wannan yana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Hanyar rabawa ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da allura a gwada. Saboda haka duk wanda wannan ne karo na farko, ko yana zazzaɓi, ya je a duba shi a ranar. In kuma gaɓoɓi da yawa ne ke ciwo hagu da dama, suna sagewa fiye da rabin awa kowace safiya, amosanin da garkuwar jiki ke jawowa ake nema, kuma fara maganinsa da wuri ke ceto gaɓa.

Ƙafafuna biyu ne suke kumbura, ba ciwo sosai. Matsalar gaɓa ce?

Galibi a'a. Kumburin da in an danna yake barin rami ruwa ne. Doguwar tsayuwa ko zama, juna biyu, raunin jijiyoyin jini na ƙafa da maganin hawan jini irin amlodifin duk suna kawo shi. Haka ma ciwon zuciya, ƙoda ko hanta, shi ya sa in ya daɗe, ko ga haki, ko fuska na kumbura da safe, ake buƙatar gwaji. Mai juna biyu da kumburi ya zo mata farat ɗaya da ciwon kai ko dishi-dishi, a auna jininta ba jinkiri. Ƙafa ɗaya kuwa, sharaɓa ta cika ta yi ɗumi, musamman bayan doguwar tafiya, tiyata ko zama da filasta, gudan jini ake tsoro. Ba a tausa ta.

Mai ciwon sukari, mai sikila da yara fa?

Ciwon sukarin da ya daɗe yana kashe jin ƙafa, sai mutum ya yi ta yawo a kan karaya bai sani ba har ƙasusuwan su ruguje. Ga irinsa rashin ciwo ba albishir ba ne, kuma ba a sa masa ƙanƙara ko ruwan zafi. Mai sikila yana saurin samun gyambo a gefen tudun idon sawu da ciwon ƙashi mai ƙwayoyin cuta, don haka ko ƙaramin ƙwarzane a wurin a kula da shi, kuma shi ma ba a sa masa ƙanƙara, sanyi na tayar masa da ciwo. Yaro yana da guringuntsin girma a ƙarshen ƙasusuwansa, wuri ne mai rauni, in ya ji zafi a kan ƙashi ko ya ƙi taka ƙafa a kai shi a duba. Ciwon dunduniya ga yaro mai yawan wasa ɗan shekara 8 zuwa 14 galibi jan agara ne a kan wurin girma, yana wucewa da rage wasa da miƙa sharaɓa.

An ce karaya ce. Dole sai an yi aiki?

Ba dole ba. Tambayar ita ce ko talus yana zaune daram a gurbinsa. Karayar fibula ita kaɗai da ba ta goce ba, filasta ko takalmin asibiti na kimanin mako 6 ya wadatar. In tudu biyu suka karye, ko talus ya goce ko da kaɗan ne, a kan gyara da faranti da kusoshin ƙarfe, don gocewar milimita ɗaya ko biyu tana tara nauyi a wuri ɗaya ta cinye guringuntsi. Wani lokaci likita kan jira kwanaki kumburi ya saɓe kafin ya yanka, don ɗinki ya kama.

A cikin filasta, ciwon da ke ta ƙaruwa magani bai taɓa shi ba, yatsu masu sanyi ko mutuwa, wari ko jiƙewa, duk dalilin komawa asibiti ne nan da nan. Ba a cusa tsinke ko wani abu a ciki don susa. Taba sigari tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Bayan an cire filasta gaɓar za ta sage, sai an bi matakan motsa jikin nan, kuma kumburin yamma na iya kai wata 6 zuwa shekara. Ƙarfen ba a cika cire shi ba sai in yana damun mutum.

Takalmi da abin ɗaure idon sawu suna hana a sake jin rauni?

Abin ɗaurewa mai igiya ko mai tauri a gefe yana rage sake gurɗewa ga wanda ya taɓa targaɗe, kuma ana so a riƙa sa shi lokacin wasa na wata 6 zuwa shekara. Sa shi a wasa kaɗai ba ya raunana ƙafa muddin ana motsa jiki. Filastar mannawa tana aiki, sai dai tana saki bayan kamar rabin awa na gumi da gudu. Safar roba zalla kumburi take ragewa, ba ta hana gurɗewa. Takalmi kuwa a nemi mai faɗin ƙasa, mai taurin baya da ke riƙe dunduniya. Mai tsini da silifas sakakke a ajiye su har ƙafar ta yi ƙarfi. A riƙa kifa takalmi ana duba ƙasansa: in gefen waje na dunduniya ya cinye har takalmin yana karkata in an ajiye shi a kan tebur, a canza shi.